Abin da malamai suka ce kan fita daji da ɗalibai don darasin labarin ƙasa a Tawa

Ga abin da na tsinto daga maganganunmu.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da abin da ke kusa. Kwarin bayan gari ya isa: yaro ya ga inda ruwa ya zaftare gaɓa, ya ɗebi jan tsakuwar tudu da yashin gindi ya murza a hannu, ya auna faɗin ramin da igiya, ya zana. Ni ma nan na fi karkata, don na ga yarinyar da ba ta magana a aji ta zama mai riƙe ma'auni.

2. Lokacin sanyi, Nuwamba zuwa Janairu. Da damina kwari yana kawo ruwa ba sallama.

3. Izinin iyaye, gaisuwar mai gari, ruwan sha.

An rabu kan tafiya nesa. Wasu sun nace a kai ɗalibai Keita su ga ƙasar da aka farfaɗo tun 1984, ko tafkin Tabalak. Wasu sun ce kuɗin mota zai bar 'ya'yan talakawa a gida, kuma sai an duba tsaro.

Waya ko taswirar hannu? Ba a daidaita ba. Masu rinjaye sun ce zanen hannu tukuna.