Wace manhaja ce ta tare ƙofa ta 80?

Matasan da ke koyon kwamfuta a wani shago a Ringim sun tattauna kan Apache (manhajar da ke ɗaukar shafukan yanar gizo) da ya ƙi tashi saboda an riga shi ƙofar sadarwa ta 80.

Shawarar da aka tsayar: a Windows, rubuta umarnin netstat -ano a Command Prompt, ka nemi layin :80, lambar ƙarshe ita ce PID, wato lambar shaidar manhajar da ke aiki. Duba ta a Task Manager, sunan manhajar zai fito. Masu Linux, sudo ss -tulpn ya wadatar.

An fi jan kunne kan PID mai lamba 4. Ta tsarin Windows ce, kada a yi gangancin kashe ta. Sau da yawa IIS (takwaran Apache na kamfanin Microsoft) ne ke bayanta. A tsayar da shi, ko a mayar da Apache ƙofa ta 8080, wanda a ganina ya fi sauƙi.