Wai wane Batman ne na asali, kuma yaushe Iron Man ya sha gaban Superman?

Sadiq_92

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar komik. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya ina so waɗanda suka fi ni sani su warware min. Ni dai katun ɗin Batman na 1992 na taso ina kallo, sai Justice League da ya biyo baya, kuma abin da na sani shi ne Batman ba ya kisa ba ya taɓa bindiga, Superman kuma mutum ne mai sanyin hali wanda ko bos ne ya faɗo daga sama zai tare shi. To sai ga fim ɗin Man of Steel na 2013 Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod, a fim ɗin Batman v Superman na 2016 kuma Batman yana ɓarin wuta da bindigogin motarsa mutane suna mutuwa ko a jikinsa, wallahi abin ya tsaya min a rai har yau. Tambayata biyu ce. Kamfanonin nan ne suke lalata jaruman saboda kuɗi ko dama can haka ake yi? Sannan ya aka yi yara yanzu in ka tambaye su sai su ce Iron Man ko Black Panther, Superman da ya buɗe wa kowa hanya an bar shi a baya?

Malam_Habu

Wa alaikumus salam Sadiq. Ƙanena wannan Batman ɗin da kake kira na asali ai shi ma canji ne, kawai dai shi ka tarar. Lokacin da Bob Kane da Bill Finger suka fito da shi a Detective Comics na 27 a 1939 yana kashe mutane, a wasu labaran farko ma har da bindiga a hannunsa, sai bayan an kawo Robin a 1940 aka ga yara ne suke saye sannan aka fara ja masa birki. Superman ma haka. Ka nemi Action Comics na 1 na 1938 ka duba, a bangon ya ɗaga wata koriyar mota yana fyaɗa ta da dutse, wani mutum a gefe ya dafe kai da hannu biyu yana gudu, in ba ka san shi ba sai ka rantse shi ne mugun. A ciki kuma ya kutsa gidan gwamna cikin dare don a fasa kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, ya kama wani mai dukan matarsa ya maka shi da bango. Ba ya tashi sama ma a lokacin, tsalle yake yi, tashin sai daga baya. Jerry Siegel da Joe Shuster matasa ne da suka ga wahalar tattalin arzikin Amurka na shekarun 1930 da idonsu, shi ya sa Superman ɗinsu mai zafi ne, yana bin azzaluman masu kuɗi da 'yan siyasa masu cin hanci.

Abin da ya sanyaya su duka shi ne 1954. Wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya rubuta littafi yana cewa komik ne ke lalata tarbiyyar yara, majalisar dattawan Amurka ta zauna a kai, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tace labarai, Comics Code, ba jini, ba raina ɗan sanda, mugu dole ya sha kashi a ƙarshe. Daga nan Batman ya koma yawo a sararin samaniya yana faɗa da halittun wata duniya, har aka zo shirin talabijin na Adam West a 1966 wanda kusan barkwanci ne zalla. Wanda ya taso a wannan zamanin shi ma cewa zai yi nasa ne na asali fa. Dennis O'Neil da Neal Adams ne suka dawo da shi cikin duhu a farkon shekarun 1970, Frank Miller ya zo a 1986 da The Dark Knight Returns ya ƙara masa zafi, kuma daga wannan littafin Zack Snyder ya kwaso abubuwa da yawa na fim ɗin 2016 da kake kuka da shi, har sulken ƙarfen.

Zee_Marvel

Malam Habu ya gama da ta farko bari ni in taɓa ta biyu, maganar Iron Man wlh ba wai ya fi kowa labari mai kyau bane, talauci ne ya ɗaga shi. Marvel sun shiga fatara a ƙarshen 1996, manyan jarumansu kuma haƙƙin yin fim ɗinsu ya tafi hannun wasu, Spider-Man yana Sony, X-Men da Fantastic Four suna Fox, to da suka tashi yin fim da kansu sai suka duba wa ya rage a gida, shi ne aka ɗauko Iron Man da Thor da Captain America. Kafin fim ɗin Iron Man na 2008 in ba mai karanta komik ba wa ya damu da Tony Stark, wato Iron Man ɗin? Tun 1963 yana nan, a Biyetnam aka kama shi a labarin farko fim ya mai da abin Afganistan, kuma a komik ba mai yawan zolaya bane kamar yadda Robert Downey Jr ya yi shi, mutum ne mai fama da shan giya, amma da fim ya karɓu sai marubutan komik ɗin suka koma rubuta shi da bakin Downey. Nick Fury ma baturen soja ne tun asali, a duniyar Ultimate, wani jerin komik na Marvel da ya sake labaran daga farko, aka zana shi da kamannin Samuel L. Jackson tun kafin ya fito a fim, yanzu wa yake tuna farin? Groot kuwa dodo ne a 1960 da ya zo duniya kwasar mutane, yau yara ke rungumar 'yar tsanarsa.

Ni abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda rigimar haƙƙin fim take shigowa har cikin littafin. Lokacin da Fox ke riƙe da X-Men sai Marvel suka dinga tura Inhumans, wasu masu baiwa na daban da haƙƙinsu ke hannunsu, gaba, Fantastic Four ma aka daina buga littafinsu daga 2015 har 2018, masu karatu da yawa sun ɗauka saboda rigimar ce duk da kamfanin bai fito ya amsa ba. Kamala Khan, yarinyar nan Musulma 'yar asalin Pakistan da ke Jersey City, a matsayin Inhuman aka kawo ta, Disney na sayen Fox a 2019 ba a daɗe ba a 2023 aka kashe ta aka dawo da ita aka ce ai mutant ce ita ma, wato irin su X-Men. To ka ga farin jini yana bin inda kamfani ya zuba kuɗi ne.

Sadiq_92

Kai na gode ƙwarai, maganar bindigar 1939 ta ba ni mamaki. Amma Malam in haka ne kenan babu wani abu da za a ce shi ne halin jarumi, kowa ya zo ya juya shi yadda ya ga dama mu kuma mu yi shiru?

Fati_Parker

A'a Yaya Sadiq kar ka yarda da wannan, ni ban yarda ba sam. Tarihin da Malam ya kawo gaskiya ne amma akwai canjin da yake ƙara wa jarumi nauyi akwai wanda yake zubar da shi ƙasa, kuma mai karatu yana gane bambancin tun a shafin farko. Magneto a 1963 mugu ne kawai mai son mulkar duniya, Chris Claremont ne ya zo ya ba shi tarihin wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, daga nan in ya ce ba zai sake bari a hallaka mutanensa ba sai ka ji jikinka ya yi sanyi ko da ba ka goyon bayan abin da yake yi. Black Panther tun 1966 yake amma Christopher Priest ne a 1998 ya mai da shi sarki na gaske mai dogon lissafi, shi ya kawo Dora Milaje ɗin, matan nan dogaran sarki, da kowa ya yaba a fim ɗin 2018. Wa ya yi kuka da waɗannan? Babu.

Amma ku dubi abin da aka yi wa Spider-Man don Allah. Peter Parker ya auri Mary Jane a 1987, shekara ashirin ana tafiya da su, sai a 2007 aka harbi Aunt May da ta raine shi tana bakin mutuwa, a labarin One More Day wai Peter ya zauna da Mephisto, shaiɗani fa, ya ba da aurensa don ta rayu, aka goge auren kamar ba a taɓa yi ba, duk don editocin suna so ya koma saurayi mara aure. Yaron da duk labarinsa an gina shi a kan ɗaukar nauyin abin da ka aikata, tun daga mutuwar Uncle Ben, shi ne zai gudu daga sakamako ta hanyar ciniki da shaiɗan? Wannan ba zamani bane ya canza, rashin mutunta mai karatu ne. Kuma da Jonathan Hickman ya fito da sabon Ultimate Spider-Man a 2024 inda Peter yake da aure da 'ya'ya biyu ai kun ga yadda mutane suka yi rububinsa. Miles Morales ma, baƙar fatar da aka kawo a 2011 a matsayin sabon Spider-Man, an yi ta surutu a kansa, amma da yake an ba shi iyayensa da unguwarsa da damuwarsa ba a kwafe Peter aka shafa masa baƙi ba, yau ga shi ya zauna daram.

Dan_Krypton

Ni Superman zan kare don naga kamar an yi masa jana'iza a nan alhali yana raye. Sadiq kisan Zod ba Snyder ne ya fara ba, a 1988 John Byrne ya sa Superman ya kashe Zod da mutanensa biyu da kryptonite, dutsen nan mai kashe jinsinsu, bambancin shi ne a komik abin ya dame shi har ya kasa zama a duniya ya yi hijira zuwa sararin samaniya, an ɗauki watanni ana bin wannan ciwon, a fim kuwa ya yi ihu ɗaya aka wuce wani ɓangaren fim ɗin kamar ba a yi komai ba, nan ne matsalar take a wajena ba kisan kansa ba.

Matsalar Superman marubuta ne da suke jin kunyar mutumin kirki, suna ganin sai an saka masa baƙin ciki ko an mai da shi azzalumi kamar a gem ɗin Injustice sannan zai burge. Duk mai wannan tunanin ya je ya karanta All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely. Akwai shafi ɗaya a fitowa ta 10, wata yarinya tana tsaye a bakin rufin dogon bene za ta faɗa, wayarta ta suɓuce daga hannunta, ta rufe ido, sai kawai ga shi a bayanta ya dafa kafaɗarta yana faɗa mata likitanta da gaske tsaiko ya samu a hanya ba guje mata ya yi ba, ta juyo ta rungume shi. Ba naushi ko ɗaya a shafin kuma a lokacin shi kansa yana dab da mutuwa. Wannan shi ne Superman, kuma fim ɗin James Gunn na 2025 ya nufi wajen nan, har kurege ya tsaya ya ceta ana tsakiyar faɗa, wasu suka ce yarinta ce ni kuwa nan ne na ce yauwa an dawo hanya. Aquaman fa shekara nawa ana masa dariya wai mai hira da kifi, Jason Momoa ya zo a 2018 fim ɗin ya haura dala biliyan ɗaya. In wannan ya farfaɗo to Superman ba abin a cire rai bane.

Malam_Habu

Fati 'yar uwa ban ce kowane canji daidai bane, One More Day ni ma har gobe ban yafe ba. Abin da nake nuna wa Sadiq shi ne ya san cewa dokar rashin kisan nan wasu ne suka zauna suka gina ta a hankali har ta zama jinin jikin Batman, kuma saboda ta yi kyau ne ta zauna, don haka in zai kare ta ya kare ta da hujjar cewa ta fi ma'ana, yaron da aka harbe iyayensa a gabansa ba zai so bindiga ba, kar ya tsaya a kan cewa haka aka fara don za a kayar da shi da shafi ɗaya. Sannan Zee kin ɗora wa kamfani laifi duka, mu masu karatu ma muna da hannu. A 1988 DC suka ba da lambobin waya biyu suka ce a kira a zaɓa ko Jason Todd, Robin na biyu, ya rayu ko ya mutu, mutum sama da dubu goma suka kira, masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal, Joker ya lakaɗa masa duka da ƙarfe bam ya ƙarasa shi. A 2005 aka dawo da shi a matsayin Red Hood mai bindiga biyu yana tuhumar Batman me ya sa har yanzu ya bar Joker da rai, kuma yanzu ya fi lokacin da yake Robin masoya nesa ba kusa ba. Sadiq tunda wannan dokar ce take damunka fara da Under the Red Hood, akwai komik ɗin akwai katun ɗinsa na 2010, in ka gama ka dawo ka faɗa mana ko amsar da Batman ya ba Jason ta gamsar da kai, don ni da wani abokina har yau ba mu daidaita a kanta ba.