Abin da aka tattauna kan yin lambu a cikin gida

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar maganar nan:

1. Kowa ya yarda a fara duba rana da ruwa kafin a sayi iri. Tumatir da attaruhu suna son wurin da rana ke daɗewa, kuma lambun ya kasance kusa da rijiya ko famfo, don a Kaduna daga Nuwamba zuwa Maris sai ban-ruwa.

2. Mai tsakar gidan siminti ya shuka a buhu ko tsohon bokiti, a huda ƙasansa.

3. Sabon shiga ya fara da alayyafo, kuɓewa, yakuwa da zogale.

4. Kan taki aka rabu. Wasu sun ce takin zamani na NPK ya fi sauri, masu rinjaye kuma suka tsaya kan kashin kaji ko na shanu, amma sai ya ruɓe, ɗanye yana ƙona shuka. Ni ma nan na fi karkata.

5. An ja kan mangwaro: wasu na son inuwarsa, wasu na tsoron saiwarsa kusa da katanga, suka ce gara gwanda.

A yi shinge saboda kaji da awaki. Ƙwari kuwa, ruwan ganyen darbejiya aka fi ambata.