Tiramol da kodin: me ya sa wani ya samu sauƙi, wani kuma ko gezau?

Maman Ridwan, Aboabo:
Salamu alaikum. Masu ilimin magani, don Allah a warware mini wannan. Mutum biyu, nauyi kusan ɗaya, likita ya rubuta musu tiramol miligiram 50 bayan tiyata. Ɗaya ya samu sauƙi har da barci mai nauyi, ɗayan ya ce ruwa ya sha. Jabu ne aka ba shi, ko jikinsa ne?

Malam Sani mai haɗa magani, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Jabu na nan, amma sau da yawa hanta ce. Kodin da tiramol, magungunan kashe zafi, sai hanta ta sarrafa su kafin ƙarfinsu ya fito. Akwai sinadarin hanta mai suna CYP2D6, shi ke mayar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kodin ya zama mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, shi kuma ke fitar da ɓangaren tiramol mai kashe zafi sosai. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi tana kan kuromosom na 22, kowa ya gaji kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda kwafinsa biyu ba sa aiki, kodin ba ya amfanarsa, sai dai ya sha kumburin ciki da taurin bayan gida a banza. A nan Afirka ta Yamma nau'ukan ƙwayar gadon da ake kira *17 da *29 sun yawaita, su kuma rage gudun aikin suke yi, ba su kashe shi gaba ɗaya. Wanda ya gaji kwafi uku ko fiye, wanda ya fi yawa a Habasha da ƙasashen Larabawa, shi ne abin tsoro: adadin da aka saba bayarwa yana iya zame masa guba.

Nas Zulai, Tafo:
Malam ya gama magana, in ƙara abin lura a gida. A ƙirga numfashin mai jinya na minti ɗaya cur. In ya gaza 10, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi duhu, ana tashinsa ba ya farkawa sosai, a garzaya asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ko asibiti mafi kusa, akwai allurar naloxone mai karya ƙarfin irin waɗannan magunguna. Kada a ce a bar shi ya huta. Mai shayarwa ta guji kodin da tiramol, domin suna bi ta nono, haka yaro ƙasa da shekara 12. Hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba irin waɗannan yara su tun 2017, ta kuma gargaɗi masu shayarwa.

Malam Sani:
Sannan Hajiya, a binciki sauran magungunan da wanda bai samu sauƙi ba yake sha. Fluoxetine da paroxetine (na ciwon damuwa) da quinidine (na bugun zuciya) suna toshe wannan sinadari, sai mai lafiyayyar ƙwayar gado ya koma kamar marar ita. Kuskuren da ya fi damuna shi ne ninka ƙwayar magani don ba a ji sauƙi ba. Tiramol ɗin da hanta ba ta sarrafa ba sai ya taru, farfaɗiya ta biyo baya. Iyakarsa miligiram 400 a yini ga babba, kuma a Ghana na 50 da 100 ne aka amince da su. Na 225 da ake sayarwa a ɓoye ba magani ba ne ga kowa. In kwana biyu ba canji, a koma wurin likita ya sauya zuwa mofin kai tsaye ko wani maganin da bai dogara da CYP2D6 ba.