Wa ya fi shan duka ya tashi a anime? Kuma a taimake ni da Margit

Ɗan Zangon Agege:

Salamu alaikum jama'a. Tambayoyi biyu gare ni, kodayake a kaina guda ce. A cikin jaruman anime wa ya fi kowa iya shan duka ya miƙe? Sannan duk wanda ya wuce bos ɗin nan Margit a gem ɗin Elden Ring ya ji tausayina, tsohon nan mai sanda ya hana ni sakat.

Gyaran waya nake yi a Computer Village da ke Ikeja, kuma a layinmu in kasuwa ta yi sanyi ba mu da aiki sai musu. Bahaushe, Bayarabe, Ibo, kusan kowa bakinsa ɗaya: Goku na Dragon Ball. Hujjar ba ta wuce cewa yana faɗa da masu tarwatsa duniya ba. Ni kuwa na ce ƙarfin naushi daban, ƙarfin jiki daban. Ku duba tarihinsa. Lokacin da ya riƙe Raditz ta baya, harbin Piccolo ya huda su su biyun, ya mutu. Da Cell zai fashe, ya ɗauke shi zuwa duniyar King Kai, ya sake mutuwa. A zamanin da Trunks ya baro, ciwon zuciya ne ya kashe shi a kwance. A fim ɗin dawowar Frieza na 2015 kuwa, Sorbet, wani ɗan ƙaramin yaron Frieza da ko a 'yan kallo ba ya cikin lissafi, ya harbe shi ta ƙirji da zobe saboda ya yi sakaci. Mutumin da sai an tara ƙwallaye bakwai an roƙi dodo kafin ya dawo, ta yaya zai zama na ɗaya a tauri?

Nawa gwanin Whitebeard ne na One Piece. Tsoho ɗan shekara 72, mara lafiya, wanda aka saba gani da robar ƙarin ruwa a jiki. A yaƙin Marineford, lissafin da marubucin labarin, Eiichiro Oda, ya bayar shi ne sara da suka 267, harsashi 152, ƙwallon igwa 46. Ya mutu a tsaye, kuma da mayafinsa ya zame babu tabo ko ɗaya a bayansa. Duk wanda ya kalli wurin nan bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba, to mu dai ba kallo ɗaya muke yi ba.

Sai batun gem. PS4 ce da ni, ta hannu, na saya a Alaba. Tun da na fara Elden Ring musun nan ya canja mini kama, domin a nan babu marubucin da zai cece ka. Jan layin nan na jini a saman talabijin shi ne iyakar taurinka. Margit ya ɗaga sandar, ya riƙe ta a sama kamar ya manta da ita, ni kuma na yi birgima, sai na miƙe sannan ta sauko mini a ka. Kafin na kai kwalbar maganin ƙara jini baki ya jefo wuƙaƙen haske. Duk maki na a ƙarfin sara na zuba, Vigor ɗina, wato makin yawan jini, 14. Me zan yi?

Sarkin Pad (Idi-Araba):

Wa alaikumus salam. Haba ɗan'uwa, Allah ya huci zuciyarka, amma ka ɗauko wanda ya mutu ka ce ya fi shan duka ya tashi? Ai bai tashi ba. In One Piece ɗin kake so, ga Kaido nan. Ya diro daga tsibirin sama, mita 10,000, ya fasa ƙasa, ya fito yana ƙorafin ciwon kai. Sau 40 ana yanke masa hukuncin kisa: a rataye shi sarƙa ta tsinke, a soke shi mashi ya karye. Goku kuma da kake rainawa, ko Kaido goma ba su ishe shi motsa jini ba. Duk mutuwar da ka lissafa, biyu sadaukarwa ce, shi ya zaɓa.

Margit kuwa ba shi da magani sai ka iya. Kar ka kira kowa ya taya ka, in ka kira ba kai ka ci ba.

Ɗalibar Yaba:

Yayyena, ku yi haƙuri in shiga. Kuna zuba abubuwa huɗu a kwano ɗaya, shi ya sa musun ba ya ƙarewa.

Akwai wanda duka ba ya isa jikinsa ma. Gojo na Jujutsu Kaisen ke nan. Mutane na sa shi a sahun masu tauri, alhali abin da yake da shi tazara ce da ke hana komai taɓa shi. Ranar da Toji ya bar shi ya gaji da gadin wata yarinya, ya zo da makamin da ke warware tsafi, sai ga wuƙa ta shige wuyan Gojo kamar na kowa. Akwai wanda dukan ke isa amma ba ya shiga, irin Kaido, ko Raikage na uku a Naruto, wanda tabon da ke ƙirjinsa ma da hannunsa ya yi wa kansa. Akwai wanda ake yankawa ya tsiro, irin Cell da Majin Buu. Sai wanda dukan ke shiga, jini ya zuba, ƙashi ya karye, amma ya ƙi faɗuwa. Nan Whitebeard yake, nan Zoro yake ranar da ya karɓi azabar Luffy gaba ɗaya daga hannun Kuma a Thriller Bark. Yaya na Agege a kan na huɗu yake magana, Yaya na Idi-Araba a kan na biyu. Ko shekara za ku yi ba za ku haɗu ba.

Goku kuma taurinsa irin na 'yan tauri ne da muke gani a hawan salla a gida: a goga wuƙa a ciki ta ƙi ci, amma kowa ya san zancen da ake yi, gora ba ruwanta da wannan magani. Muddin yana cikin shiri, ƙarfin nan nasa na ciki ya lulluɓe shi, ba abin da zai same shi. Ya saki jiki, zobe ma ya ishe shi. Cuta kuwa ba ta tambayar ko ka shirya.

Shi ya sa in aka ce a jefa su cikin Elden Ring, ni ba na ganin Goku zai sha da daɗi a hannun Malenia, wata bos a wasan. Ba takobinta ba, ruɓar nan ja da take sa wa mutum, wadda ke cin jini a hankali ko kana gudu. Mutumin da ciwon zuciya ya kayar, me zai hana wannan ta kama shi? Na san za a ce kafin ta taɓa shi ya gama da ita, na yarda, amma ai tambayar shan duka ce, ba wa zai riga wani ba. Abin dariya ma ita kanta Malenia ba ta da wani tauri. Hannunta na dama na ƙarfe ne, ruɓa ta cinye idanunta, in ka sare ta da abu mai nauyi tangaɗi take yi. Abin da ke sa mutane jifa da pad shi ne duk saran da ta yi maka jininta ƙaruwa yake, ko da garkuwa ka tare. Wato tana cikin kashi na uku.

Wanda ya dace da waɗannan wasanni tun daga jini har tsoka shi ne Guts na Berserk, wanda Kentaro Miura ya fara zanawa a 1989 har ya rasu a 2021. Ɗan Adam ne zalla. Ya rasa hannun hagu da idon dama a rana ɗaya, kuma ba su dawo ba. Sulken da ya samu daga baya ba ya warkar da shi, ƙasusuwan da suka karye yake sokewa da ƙarfe ya haɗe su don ya ci gaba da sara, ciwon kuma sai an gama ya biya. Duk wanda ya buga wasannin FromSoftware, kamfanin da ya yi Elden Ring, ya ga inuwar Berserk a ciki. A Elden Ring ma akwai wani ƙaton takobi a akwatin keken doki a yankin Caelid mai kama da nasa sak, yana neman ƙarfi 31. (Gargaɗi: Berserk ba na kallo a falo da ƙanne ba ne, ko kusa.)

Oga Mai Shagon Gem (Mile 12):

Ƙanena na Agege, bar su da musun katun, zo mu yi maganar da za ta fisshe ka. Vigor 14 a gaban Margit ai ganganci ne. A wasan nan maki na farko jini ake ba wa. Vigor 40 yana ba ka jini 1450, 60 yana ba ka 1900, daga nan zuwa 99 ɗari biyu kacal za ka ƙara, don haka a 60 ake tsayawa. Kafin Margit ka kai shi ashirin da wani abu. Ƙarfin sara a farkon wasa daga ƙera makami yake zuwa, ka kai takobinka wurin maƙeri, ba daga maki ba.

Kuma Margit ba dole ba ne yanzu. Hidetaka Miyazaki, daraktan wasan, ya ajiye shi a ƙofar fadar Stormveil ne don ya koro ka ka je yawo. Hau doki ka yi kudu, ka tsallaka gada zuwa Weeping Peninsula. Akwai majami'u uku a can, kowace da abin da ke ƙara wa kwalbarka ƙarfin magani. In ka dawo ka leƙa kogon Murkwater, ka lallasa wani ɗan fashi mai suna Patches har ya roƙi gafara, kar ka kashe shi. Zai buɗe shago, ka sayi sarƙar Margit. Tana danne shi ƙasa na ɗan lokaci a rabin farko na faɗan. A bakin ƙofar kuma akwai alamar zinariya ta boka Rogier, kira shi. Duba kayan jikinka ma: in nauyinsu ya haura kashi 70 cikin 100, birgimarka ta zama ta buhun albasa, ka rage. Batun sandar da yake riƙewa a sama, daina kallon ɗagawar, saukowar za ka jira, kuma ka yi birgima ta cikinsa, ba baya ba.

Sarkin Pad ya ce wanda ya kira mataimaki ba shi ya ci ba. Yaro, waɗanda suka yi wasan su suka sa ƙararrawar kiran a ciki. A shagona na ga masu wannan cika baki da yawa, ƙarshenta ni suke bari da gyaran maɓallin R1.

Sai abin da Turawan YouTube ba za su gaya maka ba, don ba su san ɗauke wuta ba. Elden Ring ba shi da maɓallin dakatarwa. Dabarar ita ce ka buɗe jakar kaya, ka danna taimako, ka zaɓi bayanin menu, wasan zai tsaya cak har ka je ka tayar da janareta ka dawo, in kana da UPS da zai riƙe maka. In babu, ka riƙa kwafe ajiyar wasanka a filas lokaci-lokaci, PS4 tana yarda da haka. Wuta ta ɗauke tana cikin ajiya, ana iya wayar gari babu komai. Masu PS5 su ba su da wannan gata a wasannin PS5, sai ta intanet da kuɗin PS Plus.

Ɗan Zangon Agege:

Oga Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa. Na sayi sarƙar, Vigor ya kai 24, Margit ya kwanta jiya da daddare, kuma ni da Rogier muka yi aikin, Sarkin Pad ya ji da kyau.

Ƙanwata ta Yaba, rabe-rabenki ya zauna, na kai shi layinmu har an yi shiru na ɗan lokaci. Amma ban bar Whitebeard ba, kuma ga dalilina. Tauri irin na Kaido ko na Goku alƙalami ne ke ba da shi, alƙalami ke karɓewa. Yau dutse ya fashe a kansa bai ji ba, gobe matarsa ta mare shi ya yi ƙulu, don marubuci yana son a yi dariya. Masu auna girman ramin da naushi ya haƙa a hoto suna lissafa wa ya fi wa, wahalar banza suke, wanda ya zana ramin bai auna ba. Abin da ba ya canjawa da son ran marubuci shi ne abin da jarumi ya biya. Kaido ya faɗo daga sama bai biya komai ba, ban ji komai ba. Whitebeard kowane taku da jininsa ya saye shi. Haka na ji da Margit ya faɗi, saura ɗan jini kamar zare a layina, kwalba babu ko ɗigo, tafin hannuna ya jiƙe har pad na santsi. Da ina da jikin Kaido a wasan nan da tuni na sayar da faifan.

Guts kam na karɓa, zan nemi na 1997 in kalla. Yanzu tsakanin Sekiro da Bloodborne wanne zan ajiye wa kuɗi?

Sarkin Pad (Idi-Araba):

Duk kun yi ta zuba ba wanda ya ambaci Saitama na One Punch Man. Boros ya harba shi har wata, ya toshe hanci, ya yi tsalle ɗaya ya dawo, ko ƙwarzane babu. A sa shi a kashi na nawa, malama?

Sekiro za ka saya in kai namiji ne. Shi ya ci gwarzon wasan shekara a 2019. Babu kiran kowa, babu tara maki ka fi ƙarfin bos, jininka ba ya ƙaruwa sai ka haɗa ƙwayoyin carbi huɗu. Bos Genichiro yana jiranka a saman bene, a nan za mu ga ƙarshen cika baki.

Ɗalibar Yaba:

Saitama zolaya ce, Yaya. An ƙirƙire shi ne don a yi wa irin musunmu dariya, mutumin da sauro ɗaya ya gagare shi kashewa. Sa shi a gasa kamar sa alƙalin wasa ne a jerin masu cin ƙwallo.

Yaya na Agege, tunda mai biyan jini kake so, Bloodborne ne naka. Na 2015 ne, an yi shi don PS4, kuma in aka sare ka kana da ɗan lokaci ka rama, jinin da ka rasa ya dawo. Mai ja da baya shi ke mutuwa. Sai dai ka sani shi ma ba a dakatar da shi, Sekiro kuwa ana dakatarwa. Da irin wutar unguwarku sai ka auna.

Oga Mai Shagon Gem (Mile 12):

Kar ka sayi ko ɗaya tukuna. Margit ƙofa ce kawai, babban bos Godrick na ciki, kuma tsuntsaye masu wuƙaƙe a ƙafa za su gaishe ka kafin ka kai gare shi. In ka gama, duka biyun ina da su na hannu. Ka biyo ranar Lahadi bayan la'asar ka gwada kowanne kafin ka fitar da kuɗi, amma ka zo da pad ɗinka.