Ƙanena ya fara shan maganin HIV sai jikin ya rikice, mu dakatar ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema kan ƙanena, shekarunsa 29. Ya ɗauki kusan wata biyu yana tari, ga zufa da daddare har sai an canja zanin gado, ya rame kamar ba shi ba. Gwajin kaki na farko bai nuna komai ba, sai da aka sa a na'urar GeneXpert aka gano tarin fuka ne. A ranar kuma aka gaya mana yana ɗauke da HIV, CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, 46 kacal.

Da aka ɗora shi kan maganin tarin, cikin kwana goma muka ga sauƙi, har yana fitowa tsakar gida da kansa. Bayan sati biyu aka ƙara masa maganin HIV. Yau kwana 16 da fara shi, zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta fito masa a wuya har ba ya iya juya kai sosai, tarin ma ya ƙaru. Mahaifiyarmu ta ce maganin na biyu ne bai karɓe shi ba, a ajiye shi. Ranar komawarsa asibiti sai nan da kwana tara. Ni nake ba shi ƙwayoyin da hannuna, wallahi jiya sai da hannuna ya yi rawa. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa a zauren: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya, kuma kada ki jira kwana taran nan. Gobe da safe ki kai shi. Haka ta faru da maigidana, ni ma har na ɓoye maganin kwana biyu saboda tsoro, har yau ina nadama. Allah ya ba shi lafiya.

Wani ma'aikacin jinya: Yaya, sannu da ƙoƙari. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba, amma abin da kika bayyana ya yi kama da wani yanayi da muka sani sosai. Bari in bi da ke daga tushe, don ki samu abin da za ki faɗa wa Mama.

Idan mutum ya shaƙi ƙwayar tarin fuka ta sauka huhu, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofej ne ke haɗiye ta. Sai dai ƙwayar tana da taurin kai, tana iya zama a cikinsu ta ci gaba da hayayyafa. Ƙwayoyin CD4 ne ke zuwa su saki wani sinadari, intaferon-gama, wanda ke zaburar da makrofej su kashe abin da suka haɗiye, sannan su taru su yi wa sauran ƙawanya. A cikin wannan ƙawanyar cutar kan kwanta shekara da shekaru. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai take tasar musu a tsawon rayuwa.

To, CD4 ɗin nan su ne ainihin abin da HIV ke kamawa ta lalata. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake amfani da shi, ƙaninki kuwa 46. Babu masu zaburarwa, ƙawanyar ta rushe, cutar ta bazu har wajen huhu. Wannan ne ma ya sa gwajin kaki na farko bai kama ta ba: idan garkuwa ta yi ƙasa sosai, huhu ba ya yin ramukan da ke zubo ƙwayoyin cikin kaki.

Yanzu maganin HIV ya danne ƙwayar HIV ɗin, CD4 sun fara farfaɗowa, sun tarar da ƙwayoyin tarin fuka, masu rai da matattu, warwatse a jiki. Sai suka afka musu gaba ɗaya. Kumburin wuyan da zazzaɓin na iya zama alamar wannan artabun. Likitoci na kiransa IRIS, ya fi samun masu ƙarancin CD4, kuma yakan zo a makonnin farko. Galibi ba a tsayar da kowane magani, idan ya tsananta akan ƙara wani magani, furednisolon, na ɗan lokaci don kwantar da kumburin.

Amma ki riƙe wannan: ba a cewa IRIS ne sai an tabbatar ba wani abu ba ne. Tana iya yiwuwa wata cutar ce ta samu ƙofa, ko tarin ne mai bijire wa magani. Likita ne kaɗai zai bambance.

Wani dattijo a zauren: 'Yata, ni tambaya gare ni ga malamin asibitin. Tunda haka ne, me ya hana a bari ya gama wata shidan maganin tarin kafin a taɓa ɗayan?

Ma'aikacin jinyar: Baba, an gwada jinkirin, an ga masu CD4 ƙasa da 50 sun fi mutuwa idan aka jira. Shi ya sa tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara cikin sati biyu da fara maganin tarin, komai yawan CD4, sai dai in tarin ya zama sanƙarau, wannan akan jinkirta. Yaya, ki duba min abu ɗaya. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin yana sa hanta ta yi saurin narkar da dolutegrabir, ɗaya daga cikin magungunan HIV, don haka akan ƙara ƙwayarsa ɗaya ta miligiram 50 bayan awa 12. An ba shi?

Mai tambaya: E, an ba shi wata ƙarama da yake sha da daddare, ashe dalilin ke nan. Fitsarinsa kuma ya koma ja-ja, Mama ta ce jini ne.

Ma'aikacin jinyar: Rifamfisin ne ke rina fitsari da hawaye da zufa, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ba a kwana da shi: idanu su yi ɗorawa, amai ba tsayawa, ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, ruɗewa, ko numfashi ya gagara. Ko tsakar dare ne ku tafi. Sannan duk wanda ke kwana gida ɗaya da shi a duba shi, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su. Ke ma kina ciki.

'Yar'uwar farko: Ki tafi da Mama gobe ta ji da kunnenta. Uwa ce, ganin ɗanta a haka ne ya tsorata ta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata komai, ta ce za ta bi mu. Yanzu na ba shi na daren, ya sha.