Neman shawara: taransfomar da na naɗa tana zafi ko ba a ɗora mata kaya ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Kawuna yana da shagon cajin batirin mota, kuma shi ne ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya biya mini kuɗin makarantar koyon aikin lantarki, saboda haka da taransfomar injin cajinsa ta ƙone sai na ce ya bar mini aikin, domin ina so ya ga cewa kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Ya ba ni kuɗin waya, na zaɓi wayar jan ƙarfe mai kauri fiye da ta asali don kada ta sake ƙonewa. Na yi zagaye 300 a naɗin shiga da zagaye 18 a naɗin fita, kuma da na ba ta wuta bolt 230 mita ta nuna 13.8, daidai da lissafi. Amma tana gurnani, kuma kafin minti 15 hannu ba ya iya zama a kanta, alhali ban jona ko batiri ɗaya ba. Kawu yana jiran injinsa ranar Asabar. Ina kuskuren yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mene ne faɗin ƙarfen tsakiya, kuma zagaye nawa ka samu a tsohon naɗin?

Mai tambaya: Santimita 4 ne sau 5, ranka ya daɗe. Tsohon naɗin ya narke, ban ƙirga ba, kuma 300 ne kawai wurin ya ɗauka.

Injiniya: To, ka amsa tambayarka da kanka. Rabon zagaye tsakanin naɗi biyu shi ke yanke ƙarfin wutar da za ta fita, amma ba shi ke hana naɗin shiga zuƙar wuta fiye da kima ba. Abin da ke hana shi shi ne turjiyar da naɗi ke yi wa wuta mai kaiwa da komowa, wadda a Najeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan turjiya tana bin yawan zagaye sau kansa. Ƙa'idar masu naɗi ita ce a raba 45 da faɗin ƙarfen, naka 4 sau 5 ne, wato 45 a raba da 20, ka samu zagaye biyu da kwata ga kowane bolt, kusan 520 ke nan ga bolt 230. Da ka tsaya a 300, turjiyar ta koma kusan kashi ɗaya cikin uku, maganaɗisun da ke cikin ƙarfen kuma ya kai iyakar abin da ƙarfe zai iya ɗauka. Gurnanin da zafin daga nan suke. Warware ka sake.

Mai gyaran rediyo: Ni ban yarda laifin yaron nan ba ne. Wutar da ake ba mu a unguwarmu takan zo kamar fitilar aci-bal-bal da rana, tsakar dare kuma ta hauro ta ƙone kayan mutane. Sitabilaiza biyu na rasa a bara, da firijin maiɗakina, na kai ƙorafi har na gaji, ba wanda ya biya ni ko kwabo.

Injiniya: Malam, ya auna wutar, 230 ce.

Tsohon mai naɗi: Ɗana, da ka fitar da fallayen ƙarfen, ka goge su?

Mai tambaya: Na goge su da samfefa, Baba, har suka yi ƙyalli, saboda duk sun yi tsatsa.

Tsohon mai naɗi: Assha. Ba don ado ake yin ƙarfen falle-falle ba, an rufe kowanne da siririn shafi ne domin kada wuta ta riƙa kewayawa a cikin ƙarfen tana dafa shi. Ka kankare shafin, sun zama dunƙule ɗaya. Ka sake shafa su, ka ɗaure su tam, kada ka taɓa naɗin. Yaran yanzu ba sa tsayawa su koya, wanda na riƙe shekara biyu ma ya tafi da mitata.

Injiniya: Da girmamawa, Baba, gogewar ta ƙara zafi, amma ko sababbin fallaye ya sa, zagaye 300 ba za su isa ba. Ya jona ƙwan fitila irin na da mai wat 100 a jere da naɗin shiga. Idan ya yi haske sosai ba tare da kaya ba, to naɗin yana zuƙar wuta fiye da kima, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Na gode, amma a makaranta an koya mana cewa waya mai kauri ba ta zafi, kuma mita ta nuna lissafina daidai ne. Idan na warware, sai na sayi siririyar waya, kuma ban san da wane baki zan sake tambayar Kawu kuɗi ba. Idan na ɗaura mata fanka fa?

Mai gyaran rediyo: Fanka tana taimakawa, ni ma haka na yi wa tawa.

Injiniya: Fanka ba ta ƙara zagaye.

Mai tambaya: Zan fara gwada shawarar Baba tukuna. A Sabon Gari, wane layi ake sayar da irin wannan shafin?